Dariyar me kuke yi, samari?

Ƙannena, ranar Asabar a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, na ga abin da ya ɓata mini rai. Wani yaro ya shigo da jarkokin tsohon man suya da ya bi masu ƙosai da masu kifi ya saya, yana neman a ƙera masa tankin tacewa. Sai ga ƙarti a kan benci suna ta sheƙa dariya: "Injiniyan ƙosai! A barbaɗa mana yaji a tanki!" Har da mai ɗaukar bidiyo.

Wallahi ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Man nan da kuke wa izgili, in an tace shi, an haɗa da sinadarin methanol da sodar yin sabulu, an bar dagwalon ya kwanta, abin da ya taso sama injin dizal na shan sa lafiya lau. A Kyoto ta Japan, tun 1997 hukumar birni ke karɓar tsohon mai daga gidaje, motocin kwashe shara na yawo da shi. Birnin Graz na Ostiriya bas-bas ɗinsa na haya ya ɗora a kai. Ku lura, hukumar gari ce ke fara saye ta zuba a motocinta, sannan kasuwa ta buɗe. Mu nan tun 2007 aka rubuta manufar gauraya fetur da kashi 10 na ethanol, sinadarin da ake samu daga rogo ko rake, ga su kuwa a gonakinmu. To wa zai matsa wa ƙaramar hukuma lamba ta fara saye? Ku da kuke dariya?

Tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi ba ku da hira sai tsadar mai. Ku yi layi wurin 'yan bumburutu, ku zagi gwamnati, amma wani ya motsa sai ku mai da shi mahaukaci. Kuɗin cacar ƙwallo kuwa ba ya yanke muku, wannan ma magana ce ta wata rana. Wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. In ba za ku taya ba, ku kama bakinku mana!

Kaico Kaduna. Garin da masaƙun Kakuri ke busa jiniya ma'aikata su yi ta kwarara a kan kekuna, garin da aka harhaɗa Peugeot tun 1975. A lokacin, saurayi mai baƙin mai a farce shi ake ba mata, dattawa su sa masa albarka a bainar jama'a. Yau ko zaure ba a barin sa ya shiga sai ya sake riga.