Benci na tsohuwar roba da azuzuwan Marwa

A wurin shaƙatawa da ke kusa da gidana a nan Jamus akwai wani benci da na daɗe ina ɗauka na katako ne, sai da wani ma'aikacin gari ya gaya mini cewa da tsofaffin robobi aka yi shi, an niƙe su, an narkar, an zuba a ma'auni suka fito kamar falanki. Ruwa ba ya ruɓar da shi, kuma ba ya buƙatar fenti. Tun ranar nake tuna azuzuwan Marwa, garinmu a arewacin Kamaru, da na yi karatu a cikinsu, inda gara ke cinye ƙafafun benci, yara kuma su koma zaman ƙasa.

Turawa suna kiran wannan tsari tattalin arziki mai zagayawa, wato kaya ya gama aiki ya koma ya zama wani kayan. Ni dai ban yarda cewa sun fi mu sanin wannan ba. A wurinmu gorar ruwa tana zama mazubin man gyaɗa ko zoɓo, maƙera suna narkar da gwangwani su ƙera tukunya, tsohuwar taya ta zama takalmi, kujerar biki da ta tsage kuma a ɗinke ta da waya ta ƙara shekaru. Inda muke tsayawa shi ne lokacin da robar ta gaji gaba ɗaya, domin daga nan sai ƙonawa, ko a jefa ta a kogin Mayo Kaliyawo ta jira ruwan damina.

Abin da Jamus ta yi tun 2003 shi ne ta sa wa gora kuɗi. Duk wanda ya mayar da ita shago yana karɓar santi 25, kimanin sefa 164, shi ya sa da wuya ka ga gora ta kwana a titi. Kamaru kuwa ta bi hanyar hani, ta haramta siririyar leda tun 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san ledar tana nan.

A ganina da ƙananan hukumomi za su yi alkawarin sayen bencin makaranta daga masu sarrafa roba, da 'yan bola jari sun samu mai saye tabbatacce, kuma da mun rage dogaro da katakon da ake ɗaukowa daga kudu da tsadar mota. Fasassun jarkoki da bokitai da murafen gora da karyayyun kujeru su ne suka fi dacewa da wannan aiki. Sai dai dole a yi falankin da kauri, saboda zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40 kuma siririyar roba tana lanƙwashewa. Dole kuma a narkar a cikin injin da ke daidaita zafi, domin na ga inda samari ke narkar da roba a buɗaɗɗiyar ganga suna shaƙar hayaƙin, ba tare da ko ƙyallen rufe hanci ba.