Ba kwan fitila ne ke cinye maka kuɗin mita ba

A unguwannin Nima da Mamobi na Accra kullum zaka ji magidanci na yi wa yara faɗa, "ku kashe wutar nan, kuɗin mita ya kusa ƙarewa!" Wallahi ina tausaya mishi, dan ya saka wa kwan fitila ido alhali ɓarawon na tsaye a lungu yana gurnani.

Kwan LED mai wat 9 ko ya kwana a kunne awa 10, wat-awa 90 kacal ya ci, bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit guda (wat-awa 1000) ba. Amma dutsen guga mai wat 1000, awa ɗaya tak ya haɗiye yunit cur. Hita ta dafa ruwa ma haka.

Babba kuwa shi ne tsohon firiji na hannu da aka saya dan yana da araha, injin shi baya hutawa dare da rana, ga roban ƙofa ya saki sanyi na zurarewa, ga shi an manna shi da bango kusa da murhu zafi ya rasa hanyar fita, dole kamfanin wutar lantarki na Ghana, ECG, ya riƙa yankar kuɗinka. Ai shi yasa Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013.

Gwada yau: maƙale takarda a ƙofar firijin ka rufe, in ta zame ba wuya to roban ya mutu, a canza shi. In zaka sayi sabon firiji duba alamar taurarin hukumar makamashi ta Ghana, Energy Commission, a jikin shi, mai taurari da yawa ya fi rage cin wuta.