Murya muna da ita, hadda ce ke kayar da mu

Ɗalibin da ya taso a makarantunmu na gida ba ya rasa murya. Muhawarar sakandare ta koya mana tsayuwa da kyau, da ɗaga murya har na ƙarshen aji ya ji, da jero gaisuwa ga shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci ba gargada. Tun da na zo karatu Ostireliya nake ƙara ganin darajar wannan horo, domin a nan sai ka ga ɗalibi mai ilimi ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta abin da majigi ya haska a bango, murya can ƙasa-ƙasa.

Amma akwai inda suka sha gabanmu, kuma abin yana damuna. Mu hadda aka koya mana. Malami ya rubuta jawabi, ya cika shi da manyan kalmomin Turanci, yaro ya haddace. Da kalma ɗaya ta kuɓuce sai sauran su bi ta. Za ka ga yaro ya tsaya cak, ido a sama, yana nanata jimlar baya ko Allah zai sa ta gaba ta faɗo masa. Idan kuma wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya, shi ke nan.

Jami'o'in nan suna da wata gasa da Jami'ar Queensland ta fara a 2008. Ɗalibin digiri na uku zai bayyana bincikensa cikin minti 3, da hoto ɗaya tak, ga mutanen da ba fanninsa suka karanta ba, wanda ya wuce lokaci kuma an cire shi. Su ma suna shan bita, amma kafin nan dole ka iya faɗin abin da kake nufi a jimla ɗaya. Wanda ya riƙe ma'ana, ko kalma ta ɓace masa zai samo wata.

Saboda haka ƙanena ɗalibai, ku haddace jimlar farko kawai, ita ce ke fitar da mutum daga rawar jiki. Sauran ku rubuta kanunsu a 'yar takarda, uku sun isa. Ku yi bita da baki a tsaye, ku ɗauki kanku da waya ku saurara. Ba daɗi jin muryar kai, amma nan za ku ji yawan "eh" da "wato" da kuke yi. A ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a ta Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya a 1924, mutum guda ake warewa don ƙirga irin waɗannan. Shiru na daƙiƙa biyu ya fi su.

Bugun zuciya da bushewar baki kuwa kowa na yi, har malaman. A ja numfashi a hankali, a kurɓi ruwa.

Kada kuma ku wahalar da kanku wajen kwaikwayon lafazin Turawa. A ajinmu akwai 'yan Indiya da 'yan Sin, kowa da irin Turancinsa, kuma ana sauraron duk wanda ya rage sauri ya fitar da kalmominsa. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, za ku bincika. Na ji farfesoshi sun faɗi haka a gaban ɗalibansu.