Wanda aka yi wa addu'a bai warke ba

A Legas, inda neman abinci ya ajiye ni, kusan kowace Lahadi a majami'a akwai lokacin ba da shaida. Wata ta tashi ta ce likita ya ga ƙari a cikinta, aka yi addu'a, aka sake ɗaukar hoto babu komai. A buga ganga, a rangaɗa guɗa. Ba na ƙaryata kowa. Damuwata mutanen bencin baya ne, waɗanda su ma an ɗora musu hannu, an shafa musu mai, sun yi azumi har sun rame, ciwon yana nan daram. Su ba a miƙa musu makirufo. In ka matsa da tambaya, amsa a shirye take: bangaskiyarka ce ta gaza, ko kana ɓoye wani zunubi, ko wani a ƙauyenku ya ɗaure ka.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, ɗanta mai sikila ne. In ciwon ya tashi, kwana take tana gasa masa gwiwoyi da tsumma da ruwan ɗumi, yaron yana cizon filo. Aka ce mata ba shi magani alamar shakka ce. Ta dawo gida da ciwo biyu, na ɗanta da na zargin kanta.

A Sakkwato ba haka muka tashi muka gani ba. In ɗan ikilisiya ya kwanta a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, matan zumunta za su zo da kunu a filas da lemo a leda, su shimfiɗa tabarma a baranda, su rera waƙa ƙasa-ƙasa. Baba Fasto ya roƙi warkarwa da gaske, amma ya rufe da cewa nufin Ubangiji za a yi. Maƙwabci Musulmi ya leƙo: "Sannu Malam, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi." Ba mai tonon zuciyar majinyaci. Ina ganin zama cikin jama'ar da ta san haƙuri da ƙaddara ya taimake mu, amma abin yana da tushe a tarihinmu ma. A Amanawa, nan kusa da gari, 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun karɓi kula da kutare tun ƙarshen shekarun 1930, lokacin da babu maganin kirki. Haɗin magungunan da ke warkar da kuturta yanzu sai 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Wanke gyambo suka yi ta yi. Waɗanda suka karɓi bishara a wurin, da dungulmin hannu suka riƙe littafin waƙoƙi, yatsunsu ba su tsiro ba, kuma ba wanda ya ce ba su da bangaskiya.

Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Shi ne kuma ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Da a wasu majami'un nan ne, da an tura Bulus dutsen addu'a ya je ya gyara zamansa da Allah.

Haƙurin namu ma yana da nasa aibi, kada a ce na yi son kai. Lokacin zafi, yaro zai sanƙare da sanƙarau, a zauna ana "mu ga abin da Allah zai yi" har a makara.

Amma abin da na kasa ganewa a nan Legas shi ne: majami'u da yawa ba sa ɗaura aure sai ango da amarya sun kawo takardar gwajin jini, don kada AS (mai ɗauke da gadon sikila a jininsa) ya auri AS. Ashe sun san sikila a jini take, gado ce. To, da aka haifi yaron, yaya aka yi ta koma laifin bangaskiyar uwarsa?