Matasa, wannan turereniyar a ƙofar bas ta ishe mu haka

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Wallahi da ɓacin rai nake wannan rubutun, in na yi zafi ku yi min uzuri.

Ɗazu da safe muna tsaye a bakin titi muna jiran bas, ga masu zuwa aiki ga 'yan makaranta ga masu zuwa asibiti. Motar ko gama tsayawa ba ta yi ba samari suka yi kanta, wani ya maƙale a ƙofa, wani ya jefa jakarsa ta taga wai ya kama kujera. Akwai wata dattijuwa a ciki da za ta sauka, hannu ɗaya ta riƙe ƙarfen ƙofa ɗayan kuma ledar magani ce, tana ta faɗin "'ya'yana ku bari in sauka mana", babu wanda ya saurare ta. Wani ƙato ya sa kafaɗa ya bangaje ta, ledar ta yage, ƙwayoyin suka watse a kan matakala ana bi ta kai ana takewa. Shi kuwa ya samu kujera ya miƙe ƙafa ya ciro waya, ko waiwaye bai yi ba. Matar nan fa ta yi jika da shi.

Don Allah wane irin tunani ne wannan? Mota ta zo a cike, gurbi ba zai samu ba sai wani ya fita, kai kuma ka tare ƙofar da zai fita. Tulun da ya cika ai sai an rage ake ƙara masa ruwa. Amma a'a, kowa so yake ya riga kowa, na ciki na tura waje na waje na tura ciki, kwandasta na ihu direba na danna hon, a ɓata minti biyar a kan abin da bai kai minti ɗaya ba. Sauri ya haifi nawa kenan.

Na san abin da za ku ce, motoci sun yi kaɗan, in ba ka yi kokawa ba sai ka wuni a titi. Gaskiya ne motocin ba sa isa, kuma gyaran abin ba ƙaramin aiki ba ne. Kusan kowa lokaci ɗaya yake fita da safe ya dawo lokaci ɗaya da yamma, motar da aka saya don ta kwashi jama'ar safe da rana tsaka kusan babu kowa a cikinta, ga albashin direba ga mai ga gyara duk suna nan. Shi ya sa a manyan biranen duniya da yawa kuɗin da fasinja ke biya ba ya riƙe harkar sai hukuma ta sa tallafi. Inda kuma motar ta ɗan kasuwa ce, direba na da balas ɗin da dole ya kai wa mai mota kullum, sai ya yi ta lodi har ƙofa ta ƙi rufuwa. Ga gosulo, motar da ya kamata ta yi sahu shida ta ƙare da uku. Duk na yarda. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gwamnati ce ta ce ka sa wa tsohuwa gwiwar hannu a ƙirji?

Kuma abin da ba ku sani ba, turereniyar nan ita kanta tana ƙara cunkoson. Duk mintin da mota ta ɓata a tasha ana dambe a ƙofa, mutane na ƙara taruwa a tasha ta gaba, in ta isa can ta tarar da ninkin jama'a sai ta ƙara daɗewa, ta bayanta kuma da ba ta samun fasinja sosai sai ta yi ta matsowa har ta cimmata. Shi ne za ka ga an yi rabin awa babu mota ko ɗaya, sai ga biyu ko uku sun jero, ta gaba kamar za ta fashe ta baya da kujeru a sake. To har a nan ma sai ka ga samari sun rufu a kan ta gaban, ba mai ɗaga ido ya ga ta bayan.

Ku duba Kuritiba a ƙasar Brazil, tun 1974 suka ware wa bas hanyarta ita kaɗai a zamanin magajin gari Jaime Lerner, daga baya suka yi tashoshin da ake biyan kuɗi tun kafin mota ta iso, dandamalin daidai da bakin ƙofa, duk don kar mota ta daɗe a tsaye. Bogota ta Kolombiya ta kwaikwaya a shekarar 2000 da TransMilenio, dogayen motoci masu ƙofofi da yawa, amma da jama'a suka yi yawa har yau kukan cunkoso da turereniya ake yi a can. Wato ko an kawo mana irin waɗancan motocin gobe, muddin da wannan halin za mu tare su, ƙofa huɗu ma toshe ta za mu yi.

Sai masu lilo a ƙofa mota na gudu, ƙafa ɗaya a matakala ɗaya a iska, wai su gwanaye. Ƙanena, motar da aka yi wa obalodi birkinta ba ya kamawa da wuri, taya na ɗaukar zafi, in ta shiga kwana nauyin rinjayarta yake yi, kuma kai na ƙofa kai ne farkon wanda za ta watsar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inku ne fa. Latti a wurin aiki ana ba da haƙuri ya wuce, ƙafar da taya ta bi ta kai ba ta dawowa.

Kar ma a zo maganar 'yan sane, ai turereniyar nan ita ce kasuwarsu, wasu su suke fara haddasa ta da gangan, kana ta ƙoƙarin shiga an zare maka waya. Da waɗansu marasa tsoron Allah da ke fakewa da matsi suna goga jikinsu a jikin 'ya'yan mutane, yarinya ta yi shiru don kunya tana hawaye, na kusa sun gani sun kau da kai. Allah ya isa wallahi. Kai ba ka da ƙanwa ne?

In an shiga kuma sai sabon salo, saurayi lafiyayye ya toshe kunne da iyafis ya rufe ido kamar mai barci, mai juna biyu na tsaye a kansa tana tangaɗi duk lokacin da aka taka birki. Annabi (SAW) ya ce ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu kuma bai san girman babbanmu ba. Mun haddace, muna ma turawa a WhatsApp ranar Juma'a, amma a cikin bas sai mu manta.

Ni dai roƙona ku bari na ciki su sauka, ku bi layi, in ta cika ku haƙura da ita. Masu iko su ma su ji tsoron Allah su ƙaro motoci.

Abin da ya fi damuna shi ne ba haka muka taso muka gani ba. A da ma motocin ba isa suke yi ba, amma yaro ba ya iya zama babba na tsaye, kunya ma ba za ta bar shi ba, in ya yi gangancin haka duk wani babba da ke wurin yana da ikon tsawata masa kuma ba ya ɗaga ido. Yanzu ka yi magana a ce ina ruwanka, kai ka biya min kuɗin mota? Har da iyaye ake wannan ɓarnar, na sha ganin uba ya cusa ɗansa ƙarami ta ƙarƙashin hannun mutane ya je ya kama masa kujera, in yaron ya yi nasara ya dafa kansa yana yabonsa wai yana da wayo.