Takalmin Kirsimeti da Rufin Cocinmu

Ni malamin firamare ne, ban taɓa aza bulo a kan bulo ba. Laifina ɗaya, a taron ikkilisiya na ɗaga hannu na ce bulo mai inci 9 ya fi mai inci 6 ɗaukar nauyi. Shi ke nan. Dattawa suka dubi juna, aka ce ai ga injiniya a cikinmu muna ta neman na waje. Kafin a rufe da addu'a na zama shugaban kwamitin gini.

Cocin namu a wajen Samaru yake, kuma gaskiya ya yi mana kaɗan. Ɗaliban jami'a sun ƙaru, ga aure ga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Bencin mutum biyar sai a cusa takwas, wanda ya makara kuma ya ji wa'azi ta taga. Aka yanke shawarar fasa bangon baya a ƙara tsawo, a kuma cire tsohon kwanon da ya yi tsatsa. Zumuntar mata suka ɗauki nauyin ɗebo ruwa da dafa wa leburori abinci, matasa suka ɗauki kwasar yashi da tsakuwa, aka yi ta baiko na musamman har mutane suka fara sunkuyar da kai in ma'aji ya miƙe. Gini ya kai linta lafiya lau.

Sai maganar kwano. Kuɗinsa na tashi kamar farashin tumatir da damina, aka ce a saya tun kafin a ɗaura katako. Kafintanmu yana wani aiki a Funtuwa, ya bugo mini waya ya ce, "Ciyaman, auna mini tsawon ginin, ƙafa nawa ne, sai in lissafa maka falle nawa za a yanko." Irin dogon kwanon nan ne da ake yankawa a kan awo, in an yanka an yanka.

Na nemi tef ɗin birkila, ya tafi da abinsa. Matata tela ce, ta miƙo mini nata. Na ce Allah ya kiyaye in auna ɗakin Ubangiji da abin auna ƙugun mutane. Ta ce, "Maigida, inci ai inci ne." Na ce ta bar maganar maza.

Nan fa na buɗe mata littafin tarihi. Na ce ta je Wusasa ta ga tsohon cocin Saint Bartholomew da aka gina da laka a 1929, lokacin da mishan ɗin su Likita Mila ya tashi daga cikin birni ya koma can. Tubali ne da azara, aikin maginan Hausa, ga shi nan tsaye har yau, sanyi a ciki ko da rana ta take. Na ce Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, da wane tef ya yi bakan gizonsa? Da na ga ba ta girgiza ba sai na jawo Farawa sura 6: jirgin Nuhu kamu 300 tsawo, 50 faɗi, 30 tsayi, kuma kamu daga gwiwar hannu ne zuwa yatsa. In hannu ya ishi Nuhu, ƙafa za ta ishe ni. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," irin faɗar da ba addu'a ba ce.

Kafinta ya ce ƙafa, ni kuwa ina da biyu. Na bi gefen bango ina jera diddige da ɗan yatsa, yara na bina suna ƙirgawa da ƙarfi. Talatin da shida cif. Har sau biyu na yi don kada a ce ban da ƙwarewa. Abin da ban lura da shi ba, daga ɗaurin aure nake, ƙafata na cikin sau-cikin da na saya a kasuwar Sabon Gari don Kirsimeti, mai bakin nan dogo kamar kwalekwale. Daga baya matata ta auna shi da tef ɗin ƙugu, inci 14. Ƙafar kafinta kuwa inci 12 ce. Ni da nake koya wa yara lissafi, sai da ta rubuta mini a bayan kwalin ashana: ginin ƙafa 42 ne.

Amma wannan duk bayan an sha kunya ne. Ran wata Asabar cikin Agusta kafinta ya buga falle na ƙarshe, ya leƙo daga sama ya ce, "Ciyaman, ina sauran?" Na ce wane saura? Ya nuna mini ƙafa shida na sararin Allah. Na buga wa masu kwano waya, suka ce wannan launin ya ƙare sai wani mako. Ma'aji kuma ya ce ko da akwai, asusu ya bushe. Muka shimfiɗa tamfol, muka danne da bulo, na dubi sama na ce ai gari garau yake.

Ran Lahadi coci ya cika maƙil, kowa ya zo ganin sabon rufi. Sabon ɓangaren kuwa an ba zumuntar mata saboda wahalar da suka sha, suka zauna cikin ankonsu, surukata a tsakiya don ita ce uwar zumunta. Baba Fasto ya hau bagadi ya buɗe Luka 14, wurin da ake maganar mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Har yau yana rantsuwa ba da ni yake ba.

Hadari ya taso daga gabas. Tamfol ya yi ta tara ruwa, cikinsa na kumbura a hankali kamar na mai wata tara. Ni kaɗai nake kallonsa, ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Daidai lokacin da mawaƙa suka ɗauki amshi, bulo ɗaya ya zame. Ɗan kwalin surukata sai a benci na uku aka tsince shi.

Ba ta ce uffan ba. Ta matse zaninta, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ɗana, Nuhu dai ya rufe nasa."

Mako biyu aka yi kafin a samo kwano, kuma ba launin ba, shi ya sa in ka hango cocinmu daga titi za ka ga jan rufi da shuɗin wutsiya. Na miƙa takardar murabus, dattawa suka ƙi karɓa, wai yanzu ne na yi ilimi. A baikon godiya na kaka, mutane na kawo masara da doya da kaji, sai ga surukata ta taho tana rangaji har gaban bagadi, ta ajiye sabon tef mai ƙafa 100, ta ce a rubuta sunana a jiki.