Laccar kimiyya a jami'a: a sauko da ita inda manoma suke

Na karanta wani labari cewa jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi za ta buɗe wa jama'ar gari ƙofa su zo sauraren laccoci kan ilimin sinadarai da na halittu. Madalla. Sai dai tambayata ga malamai, Allah ya ƙara ilimi: da wane harshe? In da Faransanci ne zalla, ɗalibanku kawai za ku tara.

Mu mutanen Maradi ba sai an faɗa mana amfanin wannan ilimi ba. Mun ga yaran Tibiri, garin da ke kusa da Maradi, da ruwan famfo mai yawan sinadarin fuloraid ya ɓata wa haƙora, ya lanƙwasa musu ƙafafu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwa guda. Mutum nawa suka san ana auna wannan kafin a sha ruwan sabuwar rijiya?

Ga murzuna, tsutsar nan mai cinye zangarniyar hatsi. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro da masana ke kiwo cikin 'yan buhuna, a rataye a gona, ya sa ƙwansa a jikin tsutsar, 'ya'yansa su cinye ta. Babu feshi ko kaɗan. Wannan ai manomi zai bar aikinsa ya zauna ya ji.

A yi maganar funfunar gujiya ma, da ƙwayar maganin ƙwari da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhun wake. Kuma don Allah a sa gidajen rediyo su ɗauki laccocin, saboda matan ƙauye ba za su iya zuwa jami'a ba.